Ƙa'idojin Rubutu: Ma'anar Sunan, Asalinsa da Matsayin Hausar Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya koyi Hausa ko ya koyar da ita a makaranta, tun daga firamare har zuwa jami'a, ya san darasin da ake kira "ƙa'idojin rubutu". A cikinsa ne ake nuna wa ɗalibi baƙaƙe masu ƙugiya, da inda ake haɗa kalma, da inda ake rabawa, da kuma wuraren da babban baƙi yake zama. Da yake sunan ya riga ya zama jiki, ba kasafai akan tsaya a tambayi inda ya fito ba, balle a tambayi iyakar abin da ya ƙunsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun kalmomin nan biyu, watau "ƙa'ida" da "rubutu", sa'an nan a duba yadda tarihi ya haɗa su suka zama suna guda. Daga ƙarshe za a auna sunan da Hausar Sakkwato, wadda ta daɗe a rubuce tun kafin zuwan boko, amma ba ita aka ɗauka ma'auni ba. Abin da ake son nunawa shi ne cewa sunan yana nufin harsashin da jama'a suka yarda suka kafa, kuma hukuncinsa a kan alƙalami yake, bai kai ga bakin mai magana ba.

2.0 Asalin kalmar "ƙa'ida"

Kalmar ƙa'ida ararriya ce daga Larabci. Saiwarta baƙaƙe uku ne, ƙaf da ain da dal, kuma ma'anar farko ta wannan saiwa ita ce zama. Daga gare ta ne aka sami sunan watan Zulƙida, watau watan zama, domin yana cikin watanni masu alfarma da Larabawa sukan ajiye makamai a cikinsu. Saboda haka ƙa'ida a asali ita ce abin da ya zauna daram har wani abu ya hau kansa, watau harsashin gini. Da wannan ma'ana ce jam'inta na Larabci, "ƙawa'id", ya zo a aya ta 127 ta Suratul Baƙara, inda ake bayanin ginin Ka'aba a hannun Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila.

Daga gini sai malamai suka ɗauki kalmar zuwa fagen ilmi. A wurin masu nahawu da masu fiƙihu, ƙa'ida ita ce hukunci gamamme wanda mas'aloli masu yawa suke zaune a ƙarƙashinsa, yadda wanda ya riƙe shi ba ya bukatar haddace kowace mas'ala ita kaɗai. Ta wannan ƙofa ce kalmar ta shigo Hausa, watau ta zaurukan malamai. Shaida a kan haka ita ce ɗan littafin nan na tauhidi da hukunce-hukuncen salla wanda ɗalibi yakan fara da shi a makarantar ilmi kafin Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, wanda kowa ya sani da sunan Ƙawa'idi. A Sakkwato kuwa, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu da Hisnur Rasin a kan sarfu, kalmar ba baƙuwa ba ce ga kunnen ɗalibai tun farkon ƙarni na 19.

Da ta fita daga zaure ta shiga gari, sai ma'anarta ta faɗaɗa. Akan ce an yi aiki bisa ƙa'ida, ko wane ya saɓa ƙa'ida, ko ciniki ya wuce ƙa'ida. Ya kamata a lura a nan cewa kalmomin "ƙaidi" da "ƙayyade", duk da kusancinsu da ƙa'ida wajen furuci da ma'ana, daga wata saiwa dabam suke, watau ƙaf da ya da dal, wadda take nufin dabaibayi. Kusancin nan ya sa Bahaushe yakan ji ƙamshin iyaka da hani a cikin ƙa'ida, alhali tushenta kafawa ne.

Wani abin sha'awa shi ne yadda Hausa ta yi wa kalmar jam'i. Jam'in Larabci ya tsaya ga sunan littafi kawai, ita kuwa kalmar aka zuba ta cikin ƙirar jam'i mai maimaita baƙin ƙarshe, kamar haka:

(1) taga, tagogi
(2) mota, motoci
(3) tasa, tasoshi
(4) gada, gadoji
(5) ƙa'ida, ƙa'idodi ko ƙa'idoji

Misalai na (2) zuwa (4) suna nuna ganɗantawa, inda t da s da d suke komawa c da sh da j in wasalin i ya biyo su. Amma baƙin d bai cika bin wannan doka kullum ba kamar 'yan'uwansa, shi ya sa ake samun ƙa'idodi da ƙa'idoji duka biyu a bakin mutane da kuma a rubuce. Ke nan sunan darasin da kansa yana da siga biyu karɓaɓɓu, kuma wannan abin tunawa ne ga mai hanzarin jan layi da jan biro.

3.0 Asalin kalmar "rubutu" da tsarin ajami

Kayan aikin marubuci a ƙasar Hausa yawancinsu sunayen Larabci gare su: allo, alƙalami, tawada, littafi. Amma aikin kansa Bahaushe bai kira shi da kalmar Larabawa ba. A 1960 Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa "rubutu" daga Barbarci aka aro shi, haka kuma "karatu", wanda saiwarsa Larabci ce, ta hannun Barebari ya iso, domin gaɓar ƙarshe ta kalmomin biyu ta yi daidai da ɗafin da Barbarci yake gina sunan aiki da shi. Wannan ya dace da abin da aka sani na daɗewar Musulunci a Borno da kuma al'adar tafiya gabas neman karatun Alƙur'ani. Bisa ga haka, sunan da muke nazari rabinsa ya zo daga Larabci ta hanyar littattafan ilmi, rabinsa kuma daga Barbarci ta hanyar makarantar allo.

Makarantar allo tana da nata tsari mai tsanani. Yaro yakan fara da babbaƙu, watau baƙaƙe zalla, sa'an nan ya shiga farfaru, inda ake ɗora musu wasulla. Kalmomin "baƙi" da "wasali" da muke amfani da su yau a nazarin boko daga nan muka gaje su. Rubutun Alƙur'ani kuwa ba a yi masa sassauci ko kaɗan, domin rasamunsa tsayayye ne, kuma alaramma ba ya barin ɗigo ɗaya ya kauce. A salon rubutun Magariba da ruwayar Warshu da ake bi, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗigo ɗaya a sama, sa'an nan akwai ɗigon imala a ƙarƙashin baƙi, wanda marubuta ajami suka ara don nuna wasalin e.

Bayan jihadin 1804 da kafa birnin Sakkwato a 1809, rubutun ajami ya bunƙasa ƙwarai, musamman wajen waƙoƙin wa'azi da tarihi da furu'a. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ɗan'uwanta Isa ɗan Shehu, sun yi waƙoƙi da Hausa, sun kuma mayar da wasu daga Fulatanci. Sai dai babu wata hukuma da ta zauna ta tsayar wa ajamin Hausa doka guda. Kowane ɗalibi yakan bi hannun malaminsa. Saboda haka baƙin da ake kira ɗa mai hannu yakan tsaya a madadin ɗ a wasu takardu, a wasu kuma a madadin ts, sa'an nan ba kullum ake bambanta b da ɓ ba. Wannan bai hana karatu ba, domin yawanci waƙar tana cikin kai, takardar tunatarwa ce, kuma mai karatu ɗan harshe ne. Akwai al'ada ta rubutu, amma bukatar a yi mata suna a matsayin fanni mai zaman kansa ba ta taso ba tukuna.

4.0 Zuwan boko da kafa ƙa'idoji

Rubuta Hausa da baƙaƙen Romawa ya fara ne a hannun Turawan mishan da masu yawon bincike. J. F. Schön ya buga jerin kalmomi a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, bayansa kuma C. H. Robinson ya fitar da nasa ƙamus a ƙarshen ƙarnin. Kowannensu ya rubuta abin da kunnensa ya jiye masa, kuma sautukan ɓ da ɗ da ƙ sun daɗe suna ba su wahala. Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, gwamnatin Lugard ta zaɓi boko a kan ajami don aikin mulki da makarantu. Ita kalmar "boko" an daɗe ana zaton daga sunan littafi da Ingilishi ta fito, amma Liman Muhammad a 1968, da Paul Newman a 2013, sun nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Sunan ya nuna irin kallon da malamai suka yi wa sabon rubutun.

Da aka shiga buga littattafai don yara masu yawa a lardi dabam-dabam, sai ya zama tilas a daidaita hannu. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma a 1912 ya buga jerin dokokin rubuta Hausa da Ingilishi. Duk da haka ba a huta ba. Wasu suna sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, shi kuwa G. P. Bargery a ƙamusunsa na 1934 ya yi amfani da waƙafi a sama, yana rubuta 'b da 'd da k'. Kafin shekarun 1930 su ƙare, Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin R. M. East ta tsaya a kan baƙaƙe masu ƙugiya, kuma c ta maye gurbin ch. Littattafan hukumar, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita a Janairun 1939, su ne suka kai wannan tsari lungu-lungu.

Mai karatu zai lura cewa kalmar "ƙa'ida" ita kanta tana ɗauke da biyu daga cikin matsalolin da aka sha fama da su. Baƙinta na farko ƙ ne, wanda Hausa takan mayar da ƙaf ta Larabci zuwa gare shi, kamar a alƙali da alƙalami. A tsakiyarta kuma akwai alhamza, wadda ta tsaya a gurbin ain. Wanda ya rubuta "kaida" ya saɓa abin da kalmar take kira gare shi har sau biyu.

Daga 1955 aikin ya koma hannun Hukumar Harshen Hausa da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa. Bayan da aka raba Arewa zuwa jihohi 6 a 1967, sai jami'o'i suka gaje shi, musamman Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano. A ɗaya gefen iyaka kuwa, taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya haifar da tsarin da Nijar ta bi, wanda yake nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi. An yi shekaru ƙasashen biyu suna rubuta harshe guda da hannu biyu, har zuwa taron Yamai na 1980 inda aka kusanto da su, aka bar ninka wasali a rubutun yau da kullum. Har yanzu akwai ragowar bambanci, domin sautin da Nijeriya take rubutawa 'y, Nijar tana rubuta shi ƴ. Daga Sakkwato zuwa Illela da Birnin Ƙonni tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma bakin mutanen kusan ɗaya ne, amma littattafan 'ya'yansu sun sha bamban a wannan baƙi.

A cikin wannan tarihi ne sunan ya zauna. Muddin ana koyar da Hausa da Ingilishi, sunan Turawa ya wadatar, wanda asalinsa kalmomin Girkanci ne biyu, "orthos" mai nufin miƙaƙƙe ko daidai, da "graphein" mai nufin rubutawa. Da aka koma koyar da Hausa da Hausa a kwalejojin horon malamai da jami'o'i, sai kowane fanni ya bukaci sunansa na gida, aikin da ya kai ga ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990. Ana iya fassara sunan Girkanci kai tsaye a ce miƙaƙƙen rubutu. Ana kuma iya ɗaukar "imla'i" na makarantun Islamiyya, sai dai shi ya riga ya tsaya ga ma'anar shifta. Abin da ya karɓu shi ne ƙa'idojin rubutu, kuma akwai hikima a cikin haka. Sunan Girkanci yana yanke hukunci a kan sakamako, cewa wannan daidai ne wancan karkatacce. Sunan Hausa kuwa yana nuni ga abin da aka aza, kuma ya zo da sigar jam'i, domin dokoki ne da yawa waɗanda mutane sanannu suka tsayar a tarurruka sanannu, aka kuma sha gyara su. Abin da taro ya kafa, taro yana iya sake dubawa, amma mutum ɗaya ba ya rushe shi don son ransa.

5.0 Ƙa'idojin rubutu da Hausar Sakkwato

Masu tsara boko sun yi aiki biyu a lokaci guda, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen ruɗanin da ake samu a azuzuwa. Na farko shi ne tsayar da yadda za a rubuta sauti da yadda za a raba kalmomi. Na biyu shi ne zaɓen karin harshen da za a buga littattafai da shi, inda aka gina Daidaitacciyar Hausa galibi a kan Kananci. Na farkon ne ƙa'idojin rubutu. Na biyun zaɓe ne na saukaka aiki, bai kuma taɓa zama shaidar cewa sauran kare-karen gurɓatattu ne ba. Hasali ma, dokar sauye-sauyen sauti da August Klingenheben ya bayyana a 1928 ta nuna cewa siffofin yamma irin su zamna da amre da sabka sun girmi zauna da aure da sauka.

Mu ɗauki yaron da ya tashi a Unguwar Rogo cikin birnin Sakkwato, wanda yake zuwa makarantar allo, yake kuma zuwa firamare. Hausar da ya sha a nono ita ce mai cewa:

(6) shina zuwa, a maimakon yana zuwa
(7) su na sunka tahi, a maimakon su ne suka tafi
(8) shi na yaz zo, a maimakon shi ne ya zo
(9) ɗiyata ta, a maimakon 'yata ce
(10) hwara da tcada, a maimakon fara da tsada

In wannan yaro ya rubuta "ya na zuwa", ko "zasu tafi", ko ya rubuta "akan tebur" inda ake nufin "a kan tebur", ko "kasa" inda ake nufin "ƙasa", to ya saɓa ƙa'idar rubutu, kuma Bakano ma da ya yi haka ya saɓa. Amma in ya rubuta "shina zuwa", bai karya ko ɗaya daga cikin dokokin rubutu ba, har ma ya kiyaye dokar haɗewa, tun da ya haɗa shina kamar yadda ake haɗa yana. Abin da ya yi shi ne rubutu da karin garinsu a wurin da ake bukatar Daidaitacciyar Hausa. Lalle ne malami ya koya masa daidaitacciyar, domin da ita ake jarrabawa, da ita kuma zai yi magana da masu karatu daga Gaya har Agadas. Amma wajibi ne a yi wa kurakuran nan biyu alama dabam, a kuma kira su da suna dabam. Yaron da aka nuna wa cewa maganar iyayensa kuskure ce yakan tashi yana jin kunyar bakinsa, alhali kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Matsalar ta fi tsanani ga manazarta masu juya waƙoƙin ajami zuwa boko. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, irin na arulin Larabci. Gaɓar farko ta sunka da anka da munka mai nauyi ce, ta suka da aka da muka kuwa sassauƙa ce. Haka nan yaz a cikin "yaz zo" ta fi ya ta "da ya zo" nauyi. Wanda ya ga anka a takardar ƙarni na 19 ya mayar da ita aka da sunan bin ƙa'ida, ya karya karin baitin, sa'an nan wani ya zo daga baya ya zargi mawallafin da rashin iya awo. In kuma layi ya ƙare da na ko ta aka mayar da shi ne ko ce, amsa-amo ya tafi. Wannan hukunci ya shafi masu rubuta waƙoƙin makaɗan ƙasar Sakkwato, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru, waɗanda ɗalibai suke cika kundayen digiri da su. Takardun da ke ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da waɗanda ke hannun zuriyoyin malamai, amana ce, kuma mai juya su ba shi da izinin sauya wa mamaci harshe.

Ƙa'idojin da muke da su sun isa ɗaukar Sakkwatanci in an yi aiki da su bisa kula. Ana rubuta hw da tc, ana nuna naso kamar a "tac ce" da "rigas sarki", ana kuma bin dokokin haɗewa da rabewa yadda suke. Abin da ya rage shi ne masana su zauna su tsayar da hanya guda ta rubuta waɗannan siffofi, domin a yau kowane kundi da irin hannunsa, kamar dai yadda ajami yake a da. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato aka kuma sauya mata suna a 1988, ita ce ta fi cancanta da jagorancin wannan aiki, tare da takwarorinta na Nijar, inda karin yamma yake da rinjaye.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa "ƙa'ida" ta taso daga ma'anar zama da harsashi, ta bi ta littattafan nahawu da fiƙihu ta shiga Hausa har ta sami jam'i irin na gida. Mun ga kuma "rubutu" ya zo ta hanyar Borno tare da karatun allo. Haɗuwarsu a matsayin sunan fanni ta biyo bayan gwagwarmayar da aka yi daga 1912 zuwa 1980 wajen daidaita boko. A zamanin nan da wayar hannu ta sa kowa ya zama marubuci, ƙugiya tana faɗuwa, baki da baƙi suna zama abu guda, bukatar koyar da ƙa'idojin ta ƙaru ainun. Sai dai a koyar da su a matsayinsu na yarjejeniyar alƙalami, wadda take hidima ga Daidaitacciyar Hausa da Sakkwatanci da Katsinanci baki ɗaya. Shawarar da za a bayar ga masu tsara manhaja ita ce a raba babin ƙa'idojin rubutu da babin karin harshe tun daga ƙananan azuzuwa, ga masu tace tsofaffin waƙoƙi kuma, su bar kowace gaɓa yadda mai ita ya auna ta.